Baƙin Zanen Inna Nafisatu

Duk ranar Lahadi, tun rana ba ta yi zafi ba, Goggo Sadiƙa kan sauka daga motar Garwa a bakin kasuwar Pitowa da jarka biyu na man gyaɗa da rabin buhun ƙuli-ƙuli. Sai ta yi wa direba tas a kan yadda ya wurgo mata kaya daga saman mota, sannan ta wuce rumfarta. Rumfar ma dai suna ce kawai. Sanduna huɗu ne a kafe, sai wani tsohon zane da take ɗaurewa a kansu don kada rana ta dafa mata mai. Saƙi ne mai nauyi, a da baƙi ne wuluk, rinin marina, amma shekaru sun cinye shi har ya koma launin toka. Facin da ke jikinsa ya fi goma.

Maƙwabciyarta Élisabeth, mutuniyar kan dutse mai sayar da yakuwa da busasshiyar kuɓewa, ba ta gajiya da tsokanarta.

"Hajiya, don Allah ki sayi tamfol kamar kowa. Wannan tsumman ko jaki aka shimfiɗa wa sai ya yi fushi."

"Maman Diane, ki kama bakinki. Tsumman nan ya girme ki, kuma ya yi abin da tamfol ɗinki ba zai taɓa yi ba."

"Shi ke nan, na tono," in ji Élisabeth tana gyara zama. "Bari in ji kukan jirgi."

Ta ji labarin ya fi sau ashirin. Goggo Sadiƙa kuwa, mai shekara saba'in da uku, ba ta taɓa damuwa da ko an ji ko ba a ji ba. In ta fara, sai ta dire.

A zamanin da take yarinya, in damina ta yi nisa kogin Binuwai ya cika ya batse, jiragen ruwa kan hauro daga Najeriya su tsaya a Garwa. Kukan jirgi kan shiga har cikin unguwar Hausawa, yara su watsar da abin da ke hannunsu su sheƙa bakin ruwa. 'Yan dako na sauke buhunan gishiri da siminti da bandir-bandir na yadi, suna loda auduga da gyaɗa, suna waƙa, zufa na tsiyaya. Mahaifiyarta, Inna Nafisatu, tuwon dawa da miyar kuka take sayar musu a gindin wata tsamiya, ita kuma Sadiƙa tana wanke akushi. A lokacin mai tebur kan rufe kayansa da tabarma, ya ɗora dutse ya tafi sallar Juma'a, ya dawo ya tarar da su yadda ya bari. Baƙo in ya sauka, zauren da ya fara gani nan zai kwana, ba a tambayarsa daga ina sai ya ƙoshi. Mace in ta haihu, itacen wankanta sai ya yi tsibi a ƙofar gida, ba ta san ma wa ya kawo ba.

Amma kada wani ya ɗauka mutanen da waliyyai ne. Ina! Su ma suna dukan ɓarawo, dukan kawo wuƙa.

Wata rana da azahar aka kama wani ɗan dako, matashi, ya farke buhun gishiri da wuƙa yana cika hularsa. Kafin ka ce me, maza sun fi talatin a kansa, wasu da itacen wuta, wasu da katakon lodi. Sadiƙa na tsaye da akushi a hannu ta ji ƙarar karyewar hannunsa na hagu, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Jini na fita ta kunnensa. Ya daina ma ihu.

Sai Inna Nafisatu ta ajiye mara. Zane biyu take ɗaurawa, irin na matan lokacin. Ta kwance na sama, baƙin nan, ta ratsa cikin mazan ba ta ce da kowa gafara ba, ta yarfa shi a kan mutumin tun daga kai har gwiwa.

"Na rufe shi," ta ce.

Wajen ya yi tsit. Wani ƙato da ya riga ya ɗaga katako sama ya sauke shi a hankali, ya ja da baya yana sunkuyar da kai. Haka abin yake a unguwarsu. Wanda mace ta rufe da zanen jikinta ya zama ɗanta, ko ya yi ko bai yi ba. Wanda ya daki zanen kuwa, uwarsa ya daka. Babu matar da za ta sake sayar masa da abinci, babu mai ba shi 'ya, ko gaisuwarsa ba a amsawa. Ita kuma wadda ta rufe, sai ta kai shi gida ta ciyar da shi kwana uku, sannan a miƙa shi ga alƙali da ƙafarsa.

"Alƙali ya yi masa bulala goma sha biyu, aka sallame shi," in ji Goggo Sadiƙa. A nan take tsayawa kullum, ta ɗauki mazurari ta ci gaba da ɗura mai a kwalba.

Abin da ba ta taɓa faɗa ba shi ne sunan ɗan dakon. Adamu ne. Ita ce ta riƙa kai masa kunu a zaure kwana ukun nan. Bayan bulalar ya dawo yana faskara wa Inna itace da hannu ɗaya. Shekara takwas bayan haka, yana da ɗan teburinsa a kasuwa, Sadiƙa ta ce shi take so. Kawunanta suka tayar da ƙura, Inna Nafisatu ta ce musu ɗanta ne, ta fi su saninsa. Aka ɗaura aure. Shi ne ya zama Alhaji Adamu mai shago, wanda ake kira in 'yan'uwa sun yi rikici ya raba. Hannun nan bai sake miƙewa ba har ya mutu, kuma abin da ya gaya wa 'ya'yansa shi ne dilar auduga ce ta faɗo masa a bakin jirgi. Shekara shida ke nan, yana kwance ciwon ajali, ya kama hannunta ya ce, "Duk waɗanda suka sani sun tafi, saura ke. Kada yaran nan su ji." Ta yi masa alkawari.

Wannan Lahadin, da hantsi, autanta Ridwan ya tsaya a gaban rumfar. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ɗan klando, wato mai ɗaukar fasinja a babur, wanda suke ce wa moto, a cikin Garwa. Ranar Alhamis ya ajiye motonsa a ƙofar masallaci ya shiga la'asar, ya fito ya tarar da fili. Tun ranar ba a ɗora tukunyar kirki a gidansa ba. Yanzu ya ji ƙishin-ƙishin an ga moton a wajen Pitowa, shi ne ya taho da abokan sana'arsa, sun fi ashirin.

"Dada, ina kwana."

Ta dube shi. Idanunsa sun yi ja kamar gauta, leɓensa ya bushe.

"Auta, ka karya kuwa? Zauna ga ƙuli-ƙuli, in aika a kawo maka kunu."

"Ba na jin yunwa."

"To in ka ga moton, ka kira jandarma. Ka ji ni?"

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Jandarma. Wallahi Dada in na kama shi, sai uwarsa ta kasa gane shi. Mu da aka haife mu a gidan da ba a san sata ba? Babana har ya koma ga Allah ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Sai wani ɗan iska ya zo ya raba 'ya'yana da abinci a ƙofar masallaci?"

Goggo Sadiƙa ta sunkuyar da kai tana goge bakin kwalbar da ba ta da datti. Kafin ta ɗago, ya shige cikin mutane.

Wajen azahar, kasuwa ta cika maƙil, aka ji ihu daga ɓangaren masu gyaran moto.

"Gujjo! Gujjo! Ɓarawo!"

Mutane suka fara gudu, ba gudun tsira ba, gudun zuwa kallo. Mai tallan lemo ya bar baronsa, mata na jan yara, tiren wata mai gyaɗa ya kife aka bi ta kai. Ihun na matsowa, har ya fito filin da ke tsakanin layin masu mai da layin mahauta, taku arba'in daga rumfarta. A nan ƙafar mutumin ta harɗe ya faɗi.

Ta gan shi sau ɗaya kafin a rufe shi. Siriri ne, bai wuce shekara ashirin da biyar ba, rigar ƙwallo a jikinsa, takalmi ƙafa ɗaya. Ya ɗaga hannu biyu yana cewa wani abu. Wanda ya fara kai masa duka ɗanta ne. Da sarƙar moto ya zabga masa a fuska, fatar kumatunsa ta tsage.

Daga nan kowa ya samu. 'Yan klando da sarƙa da ƙarfen tayar da moto, wasu da itacen rumfa da suka tumɓuke, wasu da ƙafa. Har mutanen da ba su san me aka sata ba. Wani mai farar riga, da ganinsa daga coci ko daga ɗaurin aure yake, ya ajiye ledar cefanensa a gefe da kyau, ya ɗauki rabin bulo ya sauke wa mutumin a ƙirji, ya koma ya ɗauki ledarsa. Samari sun ɗaga wayoyi sama suna ɗauka, suna ture juna don su sami wuri. Ihun mutumin ya koma gurnani. Goggo Sadiƙa ta ji ƙas ɗin nan, irin wanda ta ji shekara sittin da suka wuce, sai dai yau ba sau ɗaya ba.

"A kawo taya!"

Wani ya gangaro da tsohuwar taya. Wani ya sheƙa wajen masu sayar da fetur a kwalba, wanda ake kira zuwa-zuwa, ya suro kwalba biyu.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Sai ganin hannunta ta yi yana kwance igiyar zanen daga sanduna. Ƙulli na huɗu ya ƙi, ta fizge, sandar ta faɗi ta fasa kwalba uku na mai.

Élisabeth ta riƙe mata hannu. "Hajiya! Hajiya, kina hauka ne? Yaran nan ba su san wannan ba! Za su kashe ki!"

"Sake ni, Maman Diane."

"Wallahi ba su sani ba!"

"Wanda uwa ta haifa ya sani."

Abin da ta yi imani da shi ke nan, baiwar Allah, har cikin ranta. Ta ratsa cikin mazan da gwiwar hannu, tana bugun bayan wannan tana ture wancan, ƙafarta mai ciwon sanyi tana ja. Da ta fito tsakiya, an riga an saƙala wa mutumin taya a wuya, yana kwance a gefe ɗaya, ido ɗaya ya rufe, bakinsa na fitar da kumfar jini. Ta ware zanen da hannu biyu kamar yadda ta ga Inna ta yi, ta yarfa masa tun daga kai har gwiwa.

"Na rufe shi!"

Ta tsaya tana haki, tana jiran tsit ɗin nan.

Dariya aka yi. Wani daga baya ya ce, "Kai, tsohuwa ta kawo likkafani!" Aka sake kwashewa. Mai kwalbar fetur, wani gajere mai hular sanyi, ya ce da ita cikin Fulatanci ta matsa, bai ma jira ba ya tuttule kwalbar a kan zanen. Warin ya bugi hancinta. Saƙin Inna Nafisatu ya sha fetur ya koma baƙi kamar ranar da aka fito da shi daga marina.

A nan ne ta gane Élisabeth ta yi gaskiya. Babu ko mutum ɗaya a filin nan da ya san abin da ta yi. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Sai ta faɗa a kan mutumin. Ta rungume shi ta cikin zanen, ta cusa hannu ƙarƙashin tayar ta riƙe gam.

Sarƙar da aka riga aka sako ta sauka a gadon bayanta. Wayyo Allah! Ba ta taɓa jin azaba irin wannan ba ko a naƙuda. Dutse ya biyo baya ya same ta a goshi, jini ya rufe mata ido ɗaya. Wani ya kama ƙafarta yana ja, ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta ta fito a gaban kasuwa.

"Kai! Kai! Sake ta! Uwata ce!"

Ridwan ne. Ya hankaɗe mai jan ƙafar har ya faɗa kan teburin mahauta. Ya durƙusa a gabanta, sarƙa a hannun dama, kwalin ashana a hannun hagu. Ashe shi aka ba ashanar, tunda motonsa ne.

"Dada, me ya kawo ki nan? Tashi! Don girman Allah tashi!"

"Na rufe shi, Auta."

"Ɓarawo ne! A hannunsa na kama moto na, ya cire lamba, ya amsa da bakinsa!"

"Ban tambaye ka ba."

A ƙarƙashinta mutumin na motsi kaɗan-kaɗan. Ta ji muryarsa ta cikin zanen, daidai kunnenta, da Hausar kasuwa. "Mama... kar ki tashi, Mama. Sunana Cédric. Uwata Edwige... bayan dutsen Tingelin, gidan kusa da coci. Kar ki tashi."

"Ba inda za ni," ta ce masa.

Jama'a sun fara gajiya da jira. "Janye ta mana!" "Kunna, za ta tashi da kanta!" "Ridwan, in ba za ka iya ba, ba mu ashanar!" Wani ya sake wurgo dutse, ya wuce ta saman kanta ya bugi tayar.

Ridwan ya kama kafaɗarta yana girgizawa, hawayen fushi na zubo masa. "Kin san abin da kike yi kuwa? A gaban duniya kike kwanciya a kan ɓarawo? Irin waɗannan ba mutane ba ne, Dada, jininsu ne haka, ba sa shiryuwa! Da babana na da rai, wallahi da kunya ta kashe shi yau!"

Ta dube shi da idon da ya rage mata. Alkawarin na nan a maƙogwaronta, shekara shida tana riƙe da shi, kafin nan ma shekara hamsin. Ta tuna yadda Alhaji ke ɓoye hannun a cikin babbar riga in za a ɗauki hoto. Ta ce a ranta, Alhaji ka yafe mini.

Ba ta yi raɗa ba. Ta ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Babanka a ƙarƙashin zanen nan ya kwanta! Wannan zanen da kake gani! Gishiri ya sata a bakin jirgi, aka kama shi, aka yi masa irin wannan dukan. Ba dilar auduga ce ta karya masa hannu ba, katako ne, ina tsaye ina gani. Uwata ta rufe shi, maza talatin suka ja da baya. Da a ce irinka ne a wajen ranar nan, da ba a haife ka ba!"

Na kusa suka yi shiru. Wayoyi dai na sama, suna ɗauka.

Ridwan ya sauke idonsa ƙasa. Ya dubi zanen. Tun yana rarrafe yake ganinsa, a kai aka yi masa shimfiɗa ranar kaciya, sau nawa ya ji labarin ɗan dakon yana gyangyaɗi.

"Ƙarya ne," ya ce, a hankali.

"Kunna, in ƙarya ne. Ga ni, ga shi."

Ya matse kwalin ashanar har ya murƙushe, tsinkayen suka zube cikin kwatamin fetur da jini.

Gajeren nan mai hular sanyi bai haƙura ba. Ya zaro abin kunna taba daga aljihu ya matso yana ƙyastawa. Ridwan ya miƙe ya sakar masa sarƙa a wuyan hannu. Abin ya yi tsalle ya faɗa can, mutumin ya durƙushe yana kururuwa. Abokai biyu suka yi kan Ridwan, ɗaya ya fasa masa baki da ƙarfe, shi kuma ya sa kai ya karya wa ɗayan hanci. Ya tsaya ƙafa a ware a kan uwarsa da ɓarawon motonsa, jini na zuba a rigarsa, yana juya sarƙa.

"Wanda ya fasa matsowa bai cika ɗa ba! Moto nawa ne ko naku?"

Ana cikin haka Élisabeth ta kutso, tana kuka tana zagin kowa da yarensu. Ta zauna daɓas a cikin fetur ɗin, ta ɗora hannu a bayan Goggo Sadiƙa. Wata tsohuwar Bafulatana mai nono ta sauke ƙwaryarta, ta zo ta zauna a ɗaya gefen. Ko ta san al'adar, ko tausayi ne kawai, Allah masani. Mutanen gaba suka fara duban juna. Mai itace ya jingine itacensa kamar ba shi ya kawo ba. Da aka ji usur ɗin jandarma daga bakin titi, filin ya watse, ya rage takalma da duwatsu da taya.

Jandarma biyu ne suka iso a ƙafa, don motarsu ta kasa ratsa kasuwa. Babban ya ɗaga gefen zanen ya duba, ya saki, ya ce a kai shi asibiti yanzu-yanzu, za su biyo baya. Abin hawa mafi kusa shi ne moton Ridwan, yana can yashe inda aka kama Cédric. Aka cire tayar daga wuyan Cédric, aka ɗora shi a tsakiya a naɗe cikin zanen. Aka ce Goggo ta bari wani ya riƙe shi, ta ce ba ta san wannan ba. Ta hau baya ta zagaye shi da hannuwanta ta kama rigar ɗanta.

Tafiyar ba ta da nisa. Ridwan na tuƙi yana tofar da jini.

"Dada."

"Na'am."

"Da gaske ne?"

"Dubi hanya."

Kan Cédric na kwance a kafaɗarta. Da farko tana jin numfashinsa a wuyanta, da zafi, yana fita da ƙyar. Suna wuce wajen masu lodin auduga ta ji ya ja wani dogo, ya sake. Jikinsa ya ƙara nauyi. Ta san wannan nauyin, ta wanke gawa ba ɗaya ba ba biyu ba. Ba ta gaya wa Ridwan ba. Ta ƙara riƙe shi don kada ya zame, ta bar ɗanta ya ci gaba da gudu yana danna oda.

A ƙofar asibiti ma'aikata suka ɗauke shi a gadon turawa. Wata nas ta buɗe zanen, ta taɓa wuyansa, ta haska idonsa, ta mayar ta rufe. Ridwan ya ga yadda ta rufe har fuska. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

Ɗinki bakwai aka yi wa Goggo Sadiƙa a goshi. Da ta fito, la'asar ta yi, jandarman na tsaye a kan Ridwan, ɗaya na rubutu. Babban ya gaya mata cikin ladabi cewa za su tafi da ɗanta, don akwai hotuna a wayoyin mutane, kuma an ga wanda ya fara. Ya tambaya ko mamacin ya faɗi wani abu da zai sa a gane danginsa.

"Sunansa Cédric. Uwarsa Edwige, bayan dutsen Tingelin, gidan kusa da coci." Ta nuna Ridwan. "Ranka ya daɗe, in za ku je gaya mata, ku tafi da wannan. Daga can ku wuce da shi duk inda za ku kai shi."

Jandarman ya dube ta, ya dubi Ridwan, ya gyaɗa kai.

Ridwan ya ɗago. Fuskarsa ta kumbura, muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake ƙarami in ya yi ɓarna.

"Dada, me zan ce mata?"

Tausayinsa ya kama ta kamar ta faɗi. Autanta ne, 'ya'yansa huɗu na gida suna jiran ya dawo da moto. Ta so ta rungume shi. Ta riƙe hannunta.

"Ka ce mata ba a ƙona shi ba, za ta gane fuskar ɗanta. Ka ce mata bai mutu shi kaɗai ba, a jikina ya cika. Sannan ka gaya mata wanda ya fara ɗaga hannu. Da bakinka, kada ka bari jandarma su faɗa maka."

Ya miƙe da ƙyar ya bi su. Bai waiwayo ba sai da ya kai bakin mota.

"Babana... ya taɓa sakewa?"

"Ko allura," ta ce.

Motar ta tashi. Tana nan zaune a benci, Élisabeth na gefenta riƙe da ɗankwalinta da ta tsinto a kasuwa, sai nas ɗin nan ta fito da wani abu a baƙar leda, tana riƙe da shi nesa da jikinta saboda wari.

"Mama, ga zanenki. Mun sa masa na asibiti."

Goggo Sadiƙa ta dubi ledar. Gefen saƙin ya leƙo, da facin da ta yi masa da hannunta bara.

"Mayar masa, 'yata," ta ce. "Kwana uku ne haƙƙinsa a kaina, ko ɗaya ban ba shi ba. Uwarsa ta zo ta same shi a rufe."